Ranar da Baffa Ya Ce Ya Yarda

Wanda bai san kamannin gajiya ba, ya leƙa ɗakin nan na ƙarshen barandar asibiti ranar zaman da'ira. Zai same ta a jere kan kujerun roba, wata da mayafi, wata da hula.

Auta ta shigo tana jan ƙafa. Tun safe take tsaye a shagon kitso, yatsunta sun yi tsami, bayanta kamar an daka. Ta zube a kujerarta ta gindin taga.

"Amarya ba ango ta iso," in ji Malam Rediyo, tsohon malamin makaranta, wanda bakinsa ba ya ɗaukar hutu.

"Malam, don Allah rage murya, batirina ya kusa mutuwa."

Duk wanda ke ɗakin ciwonsu ɗaya, wanda likitoci ke kira baifola. Su dai ba sa wahalar da harshe, hawa da gangara suke ce masa. In kana hawa, barci ɓata lokaci ne, kai ne mai wayon duniya, aljihunka kuma na kowa. In ka gangaro, ko kofin ruwa za ka ɗaga sai ka yi shawara da zuciyarka.

Anti Likita ce mai jan zaman. Ba ta allura, ba ta rubuta magani. Aikinta ta sa mutane magana, ta kuma hana Malam Rediyo cinye rabon kowa.

Dokar da'ira ba ta da yawa. Abin da aka faɗa a ɗakin, a ɗakin ake binne shi. In kun haɗu a waje, ba ku taɓa ganin juna ba. Sannan kowa ya faɗa wa jama'a alamun da yake nunawa in ya fara hawa, aka haɗa shi da abokin lura, wanda zai ja masa birki in ya ga abin ya taso.

"Auta, ina abokin lurarki?" Anti Likita ta nuna kujerar da ba kowa. "Oga Kafinta ya daɗe bai zo ba."

"Na kira, Anti. Ba ya ɗauka."

"Ƙila aiki ne ya yi masa yawa," in ji Hajiya Takalmi, wadda a hawanta na ƙarshe ta kwashe takalman shago guda, har da na maza.

Auta ta sunkuyar da kai. Akwai abin da ko da'ira ba ta sani ba.

Oga Kafinta shi ne Baffan Dogo.

Dogo mai walda, wanda take so kamar ta yi yaya. Mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, saboda haka maganar aurensa a hannun ƙanen mahaifin take. Ranar da Dogo ya kai ta gaida Baffansa, tana ɗaga kai ta ga mutumin da ya sha kuka a gabanta, ita ma ta sha kuka a gabansa. Ta durƙusa ta ce, "Ina wuni, Baffa." Ya ce, "Lafiya, yarinya. 'Yar gidan wa ce?" Ko 'yan wasan kwaikwayo sai sun sara musu.

Dangin Baffa kaf, in ka cire matarsa Inna, sun ɗauka hawan jini ne ke kai shi asibiti.

Da Umman Dogo ta jiyo labarin an taɓa kwantar da Auta a ɓangaren masu taɓin ƙwaƙwalwa, ta ce sai dai bayan ranta. Auta ta sa rai Baffa zai tsaya mata. Wa ya fi shi sanin ciwon? Sai ga shi shi ne ya fi kowa kafewa.

"Ba da yawuna ba," ya ce.

Tun daga nan suke zama da'ira ɗaya, kujera na kallon kujera, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar.

*

Tana isa gida ta hango farar motar Mai Kemis a ƙofa.

Samarin duniya suna kawo wa 'yan mata turare. Shi Mai Kemis leda yake kawowa, da ƙwayoyi a ciki, an rubuta safe da yamma da jan biro.

"Ranki ya daɗe, kin sha na safe?"

"Na sha."

"Da ruwa da yawa?"

"Da tekun duniya."

Ya yi dariya, ya gyara gilashinsa. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Kallonta kawai yake yi kamar kwalbar da aka ce a ajiye inda yara ba za su kai ba.

Bayan ya tafi Mama ta tare ta a tsakar gida.

"Ni dai ban san me kike nema ba, Auta. Mutum ya san ciwonki ciki da waje, bai gudu ba. Ga sana'a, ga hankali."

"Mama, miji nake so, ba mai jinya ba."

"To mijin yana ina? Danginsa sun ce ba sa yi. Kullum in fita unguwa ana nuna ni da baki. Na gaji, wallahi na gaji." Muryarta ta karye. "Ni na san abin da na gani lokacin da kika kwanta. In na mutu wa zai riƙe ki? Mai walda?"

Auta ta shige ɗaki, ko mayafi ba ta cire ba wayarta ta hau ruri. Dogo ne, yana haki kamar an koro shi.

"Auta! Kina zaune? Zauna! Baffa ya yarda!"

"Ya me?"

"Ya yarda, wallahi! Ya kira Umma ya wanke ta tas, ya ce wa ya isa ya hana ɗansa abin da yake so. Gobe da safe ki zo wurin aikinsa, yana son ganinki. Da yamma kuma zai je wurin manyanki da kansa."

Ta dafe ƙirji. Hawaye suka zubo, na daɗi, irin waɗanda ta manta ɗanɗanonsu.

Sai dai can ƙasan zuciyarta wani abu ya ce: da kansa? Gobe-goben nan?

Ta ce wa abin ya rufe mata baki.

*

Tun daga bakin titi ta jiyo waƙa.

Dogo na gaba, baki har kunne, ya sa rigar da ba ƙonar walda ko ɗaya a jikinta. Auta na biye da shi. Suna shiga rumfar kafintan, ƙamshin turare ya dake ta, mai ƙarfi, har ya danne warin katako da na fenti.

Ga Baffa tsakiyar garin katako cikin fararen kaya sababbi fil, da guduma a hannu.

"Ɗiyata! Ɗiyata ta kaina! Matso ki ga gadonki!"

Ta duba. Gado ba ɗaya ba. Wannan an yi masa kai ba ƙafa, wancan ƙafafu ba kai. Ga durowa ba ƙofa, ga kujeru an fara an watsar, ga wani abu mai kama da jirgin ruwa da ya ce na jariri ne.

"Duk cikin 'yan kwanakin nan na yi su! Ni kaɗai! Yaran nan barci ya yi musu yawa, na sallame su. Injin yankan nan ma na ba maƙwabcina, me zan yi da shi, hannuna ya fi shi sauri. Ke, bikin nan sai an yi shekara ana labarinsa. Rumfar nan sayar da ita zan yi, mai saye na zuwa gobe, in buɗe kamfani, Dogo manaja, ke kuma in gina miki shagon kitso hawa uku!"

Muryarsa ta dushe, amma maganar ba ta tsayawa. Idanunsa jajaye, suna ƙyalli.

Umman Dogo na zaune a benci, ta haɗe rai, amma ta yi laƙwas. Babba ya yi magana. A can lungu kuma Inna ce tsaye, ta harɗe hannu a ƙirji. Idonta ya haɗu da na Auta, ta yi saurin kawar da kai. Idon wadda ta daɗe ba ta runtsa ba ne.

Nan take Auta ta gane.

Da bakinsa Baffa ya faɗi alamun hawansa a da'ira, kowa na ji. In kun ji na sha turare kamar gawa. In na fara aiki goma ban gama ɗaya ba. In na fara rabon kayana.

"Baffa," ta ce a hankali, "wane irin katako ne wancan na baya? Ina so in gani."

"Kin ga mai ido! Zo, zo!"

Suka zagaya bayan tulin katako, inda ba mai jin su. Auta ta dube shi ido cikin ido.

"Oga Kafinta."

Murmushin ya tsaya cak a fuskarsa.

"A waje ba mu san juna ba, yarinya."

"Yaushe rabonka da barci?"

"Barci na marasa abin yi ne."

"Maganin fa?"

"Na zubar. Na warke, Auta. Dube ni! Ban taɓa jin ƙarfi irin wannan ba. Likitocin nan so suke mu ƙare rayuwa muna hamma."

"Kai ka ce min, ranar da ka ji na ce na warke, ki kira Anti Likita ko da zan zage ki."

"Wancan wani sakarai ne ya faɗa." Ya matso, ya rage murya, turaren ya cika mata hanci. "Saurara, ke ba yarinya ba ce. Yau na ce na yarda. Da yamma in je wurin manyanki, magana ta ƙullu, ba mai kwance ta. In kika kira matar nan suka danna min allura na sauko, me kike zaton zan ce? Kin san abin da zan ce. Kin taɓa ji."

Ta sani.

"To ki yi shiru ki samu miji. Laifin wa kika yi? Ni na ce ki yi shirun."

Ya juya ya koma yana waƙarsa.

Auta ta jingina da katako. Wallahi ta so ta yi shirun. Wuni ɗaya ne fa. Ta leƙa ta tsakanin allunan, ta ga Dogo yana shafa kan gadon da ba ƙafa, yana murmushi shi kaɗai kamar yaron da aka saya wa keke.

Sai ta tuna gobe mai saye zai zo. Ta tuna yadda gangara take bayan hawa irin wannan, in mutum ya farka ya tarar ya rusa abin da ya gina tun yana saurayi. Akwai wanda ya taɓa zama a da'irarsu, ya farka ya tarar da haka. Bai sake zuwa ba, sai gaisuwar rasuwa suka je.

Ta fito daga bayan katakon. Ta durƙusa gaban Umma.

"Umma, Baffa, ina neman alfarma. A dakata da zuwa gidanmu."

Dogo ya juyo da sauri.

"A me?" in ji Dogo.

"A dakata. Ba yau ba."

"Saboda me?"

"Ban shirya ba."

Umma ta miƙe tana tafa hannu. "Ka gani ko? Ka gani da idonka? Jiya tana kuka tana so, yau an ba ta ta ce ba ta shirya ba. Ciwon ne ya motsa! Abin da nake faɗa maka ke nan kana ganin na tsane ta. Haka za ka ƙare, safe fari yamma baƙi!"

Maganar ta shige ta har ƙashi. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke kanta. Mai ciwon da ya motsa yana tsaye gabansu cikin fararen kaya.

Ta dubi Baffa. Ya daina waƙa.

Ta ce, "Ki yi haƙuri, Umma." Ta tashi ta fita.

A bakin titi ta ciro waya don ta kira Anti Likita. Kafin ta danna, ta ji an riƙe mata gefen mayafi. Inna ce, ta biyo ta ba ko takalmi.

"Ke ce abokiyar lurar tasa?" ta raɗa. "Ya ce min wata yarinya ce, bai faɗi ko wace ba."

Auta ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

"Kira ta, 'yar nan. Ni na kira ya fasa min waya. Kira ta, Allah ya rufa miki asiri."

*

Dogo ya same ta da la'asar a bayan shagon kitso, inda suke shanya tawul. Ya koma cikin kayan aikinsa. Idanunsa sun yi ja, kuma yau ba walda ba ce.

"Ki dube ni, Auta."

Ta dube shi.

"Na yi faɗa da mahaifiyata saboda ke. Abokaina suna min dariya, suna cewa na rasa wadda zan so sai mai katin asibiti, na daina zama da su. Kullum ina ƙofar Baffa kamar mai bara. Yau Allah ya juyo da zuciyarsa, ke kuma ki tashi gaban Umma ki kunyata ni?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne? Faɗa min. Ina ji."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba." Ya yi wata dariya mara daɗi. "Mai Kemis ne ko? Na ga motarsa jiya. Ba laifi, shi yana da fanka a shago, ni kuwa sai tartsatsin wuta."

"Dogo, kar ka zage ni. Mutumin da hirarsa duka kin sha na safe?"

"To ki ba ni dalili ɗaya! Ko na ƙarya ne, ki ba ni in riƙe!"

Kuka ya ƙwace mata. Ta toshe baki da tawul ɗin wata.

"Wallahi ina sonka. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so yammacin yau ba. Amma akwai maganar da ba tawa ba ce, ba ni da ikon ba ka ita."

"Tsakanina da ke akwai maganar wani?"

"Akwai."

Ya daɗe yana kallonta. Hawaye ya gangaro masa, bai share ba.

"Umma ta ce ciwon ne. Na ce mata ƙarya ne, na san Auta. Yanzu kuma ban sani ba. Ki faɗa min gaskiya, ciwon ne?"

Ta rufe ido. In ta ce a'a, zai ci gaba da tono har ya kai ga Baffa. In ta ce e, ta ba Umma wuƙa da hannunta.

"Ka ɗauka duk yadda ka ga dama," ta ce. "Na gaji, Dogo."

Ya hau babur ɗinsa. Bai ko waiwayo ba.

*

Labarin da ya zagaya dangi shi ne jinin Baffa ya hau, an kwantar da shi, likita ya hana zuwa dubiya. Rumfa ba a sayar ba. Inna ta je ta karɓo injin daga wurin maƙwabci da haƙuri da ban baki.

Wayar Auta kuwa ta zama kamar dutse. Ko ta yi ƙara, Mai Kemis ne.

Mama ta daina faɗa, ta koma roƙo, wanda ya fi faɗan ciwo. "Ki ba shi dama kawai. Ya ce ko gobe a shirye yake."

"Ki bar ni in numfasa, Mama."

Gangara ta fara leƙo ta. Ta san takunta. Abinci ya koma kamar takarda a baki, wanka ya zama aikin gayya. Amma tana shan maganinta, tana jan jiki zuwa shago, ranar da'ira kuma ta je ta zauna ta ce, "Ina ƙasa, amma ban kai can ba." Hajiya Takalmi ta riƙa kiranta kowace safiya tana mata tsiya har sai ta ji ƙarar ruwa a bokiti.

Ana haka, wata ranar zama, ƙofa ta buɗe.

Oga Kafinta ne. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa, ba turare ba waƙa. Yana tafiya kamar mai ɗauke da buhun siminti. Ya zauna a kujerarsa, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

"Maraba da ɗan sama jannati," in ji Malam Rediyo. "Yaya ka baro su can?"

"Suna gaishe ka. Sun ce kujerarka na nan."

Aka yi dariya, irin ta waɗanda suka san hanyar.

Layi ya zo kansa.

"Na zagi yarinyar nan," ya ce, bai ɗago ba. "A gadon asibiti ba sunan da ban kira ta da shi ba. Da na sauko Inna ta faɗa min abin da aka ce mata a gabana, ta haɗiye. Jama'a, akwai abin da muka ɓoye muku. Yaron da take so ɗan wana ne. Ni ne Baffan da take ba ku labari, wanda ya hana."

Hajiya Takalmi ta dafe ƙirji. Malam Rediyo ya buɗe baki, karon farko a tarihi ba abin da ya fito.

"Auta, yardar da na yi ranar nan ba tawa ba ce, kin sani. Yanzu da nake cikin hankalina, in kika tambaye ni..." Ya goge fuska da tafin hannu. "Ban sani ba. Ba ƙinki nake ba. Inna nake kallo. Na aure ta tana da kumatu, tana dariya har maƙwabta su ji. Ba ta san me ta shiga ba, ba wanda ya faɗa mata, ni ma ban faɗa ba. Ta ɓoye min wuƙaƙe, ta bi ni titi, ta yi wa dangina ƙarya har ta ƙware. Ni na mayar da ita haka. Sai in ɗauki ɗan marigayi in sa shi a wannan layin?"

Auta na kuka ba sauti. "To shi ke nan, Baffa."

"A nan Oga Kafinta nake. Kuma ban gama ba." Ya juya ga Anti Likita. "Jiya na kira Dogo na faɗa masa ba hawan jini ke kawo ni nan ba. Na faɗa masa abin da Auta ta yi. Yana waje, kan benci. Na san doka, baƙo ba ya shiga sai kowa ya yarda. Roƙo nake."

Auta ta juya ta dubi ƙofa.

"Ya san sunan ciwon," in ji Oga Kafinta. "Ya san tana shan magani. Amma bai taɓa ganinta sai tana lafiya, ta yi kwalliya tana ba shi dariya. Ya ji na gaskiyar, daga bakinta. In ya ji ya ce har yanzu yana so, ni zan wuce gaba, uwarsa kuma ku bar ni da ita. In ya ji ya tafi, gara ya tafi yau."

Anti Likita ta dubi da'ira ɗaya bayan ɗaya. "Kowa na da ikon cewa a'a. Ba kuma wanda zai faɗi nasa a gabansa sai wanda ya so."

"Ni dai ya shigo," in ji Hajiya Takalmi. "In ga ko tsawon nasa ya kai yadda ake zuzutawa."

Sauran suka gyaɗa kai.

"Auta, ke ce ta ƙarshe. In kin ce a'a, a'a ce."

Ta so ta ce a'a. Shekara da shekaru tana gyara labarin nan kafin ta ba shi, tana yanke wuraren da ba su da kyan gani. Ta gaji da yankan ma.

"Ya shigo."

Sai da ya sunkuya kafin ya wuce ƙofar. Ya yi sallama a hankali, ya tsaya yana murza hularsa. Malam Rediyo ya tura masa kujera da ƙafa.

"Zauna, ɗan samari. Ba ma cizo sai an daina ba mu magani."

Dogo ya zauna, gwiwoyinsa sun kusa kai masa haɓa. Anti Likita ta faɗa masa doka, ya ce ya ji ya ɗauka.

Auta ta kafa ido a kan yatsunta.

"Shekarar da aka kwantar da ni," ta fara, "na sayar da keken ɗinkin Mama ba ta sani ba, na raba kuɗin a tasha. Na fita titi ba takalmi ba ɗankwali ina wa mutane wa'azi. Da yayana ya zo kama ni, na fasa masa baki. Bayan nan na kwanta. Na daina wanka, na daina magana. Mama ke juya ni kamar jaririya." Ta ja numfashi. "Akwai ranar da na roƙe ta ta daina min addu'ar tsawon rai. Kuma ba a ce min ba zai dawo ba, Dogo. Ba a taɓa ce wa kowa a ɗakin nan haka ba."

Fankar sama na ta ƙugi.

Ta ɗago a hankali don ta ga lokacin da zai dubi ƙofa.

Bai dubi ƙofa ba. Ita ma bai dube ta ba. Ƙasa yake kallo, ya matse hular nan a hannu har jijiyoyinsa sun fito. Aka daɗe a haka, har Hajiya Takalmi ta fara motsi a kujera.

Sannan ya share hanci da bayan hannu, ya ce da wata murya da ba ta san shi da ita ba:

"Ina ji. Sai kuma aka yi yaya?"